Gishiri, Kanwa da Ƙarfin Ƙashin Ɗan Doki: Tambayoyin Masu Barga a Gombe da Amsoshinsu

Waɗannan su ne tambayoyin da masu kiwon dawaki a Gombe, Kumo, Dukku, Bajoga da Deba suka fi yi kan ɗan doki, daga ranar da ya faɗo zuwa ya cika shekara biyu. Awon da ke ciki na dokinmu na gida ne, wanda in ya gama girma yake kai kilo 350 zuwa 400. Mai manyan dawakin folo na ƙetare sai ya ƙara kamar rubu'i a kan kowane awo.

Ɗan dokin da ke shan nono yana buƙatar wani ƙari?

A wata biyun farko nono ya kusa isarsa. Abin da nonon goɗiya ba shi da shi sosai shi ne jan ƙarfe, zink da ayon, wato sinadarin ƙarfe da ke cikin jini. Jan ƙarfen da ɗan zai yi amfani da shi a watannin farko, tun yana ciki yake tara shi a hantarsa, a wata ukun ƙarshe na cikin da ke ɗaukar kimanin wata goma sha ɗaya. Ke nan ciyar da ɗan doki daga uwarsa yake farawa. Goɗiyar da ta ƙarasa cikinta a kan busasshiyar ciyawa da dusa kawai za ta haifi ɗa mai ƙaramar ajiya, kuma abin da za ka ɗura masa bayan haihuwa ba zai cike gurbin nan sarai ba.

A ranar haihuwa kuwa, abu ɗaya ne ya kamata ya dame ka: ya sha dakashi sosai cikin awa 12 na farko. Bayan awa 24 hanjinsa ya daina karɓar garkuwar da ke ciki. Ba gishiri, ba kanwa, ba maganin ƙarin jini.

To yaushe zan fara ba shi nasa abincin?

Tun sati na farko ko na biyu za ka ga yana cusa baki a komin uwarsa, yana taɓa ganyen harawa. Wannan koyo ne. Daga wata biyu zuwa uku nono ya fara ja baya, shi kuma jiki yana neman ƙari, a nan ne za a ware masa komi. A kafa itace a gicciye a wani lungu na bargar, daidai yadda shi zai shige ta ƙasa uwar ba za ta iya ba, in ba haka ba ita za ta cinye.

Awo mai sauƙin riƙewa shi ne kimanin giram 350 na haɗin hatsi da dusa a rana, a kan kowane wata ɗaya na haihuwarsa. Ɗan wata uku, kilo ɗaya ke nan, a raba sau biyu ko uku. Harawa mai ganye kuma kada ta yanke a gabansa. Ana yaye shi tsakanin wata huɗu zuwa shida, amma sai ya riga ya saba da komin nan, don kada ya rame a yaye sannan ya yi tsalle a girma daga baya. Wannan tsallen yana cikin abubuwan da ke ɓata gaɓoɓi.

Gishiri nawa ya kamata ya ci a rana?

Ɗan da aka yaye, kimanin giram 10, wato cokalin shayi biyu a shafe. Ɗan dukushi mai shekara ɗaya, kimanin giram 15, cokalin cin abinci ɗaya. Goɗiya mai shayarwa, giram 25 zuwa 30. Ciyawa da hatsi duka ba su da gishirin kirki, shi ya sa babu dokin da zai wadatu ba tare da an ba shi ba.

A bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Gombe ke kai digiri 40, lissafin yana canjawa. Gumin doki ya fi namu gishiri nesa ba kusa ba. Duba bayansa in ya bushe, za ka ga fari-fari kamar an barbaɗa gari. A irin wannan lokaci a ci gaba da zuba awon nan a cikin abinci, sannan a ajiye garin gishiri a wani mazubi daban ƙarƙashin inuwa, ya lasa gwargwadon buƙatarsa.

Sharaɗi biyu ne. Ruwa ya kasance a gabansa, domin gishiri ba ya cutar da dokin da ke samun ruwa, wanda aka ɗaure a turke tun safe babu ruwa shi yake cutarwa. Sannan dabbar da ta daɗe ba ta ga gishiri ba, kada a tara mata shi rana ɗaya. A fara da rabin cokalin shayi, a riƙa ƙarawa har sati guda. Maraya da ake ba madara a roba, ko ɗan da ke kulle shi kaɗai, yakan mai da lasar gishiri abin wasa. In ka ga yana yawan fitsari da zawo, ɗauke mazubin, ka koma auna masa a abinci.

Mun gaji ba doki kanwa tun kaka da kakanni. Ba ta wadatar ba?

Kanwa tana da amfaninta, amma ba ita ce gishiri ba. Gishirin girki sinadari biyu ne a haɗe, sodiyam da kulorayid, kuma duka biyun doki yake zubarwa a gumi, kulorayid ɗin ma ya fi yawa. Kanwa sodiyam ne da kabonet. Rabin buƙatar take biya. Ba ta da kalsiyam ko fosfaras ko jan ƙarfen da za a dogara da su wajen gina ƙashi, kuma abin da ke cikinta ya danganta da tafkin da aka haƙo ta: ungurnu daban, jar kanwa daban, wani lokaci rabin dunƙulen ma ƙasa ne da yashi.

Babban doki da ya saba da ɗan gutsure a ruwan dusa, ba za mu ce a hana shi ba, muddin yana samun gishirinsa. Ɗan da ke shan nono kuwa ba ya buƙatarta ko kaɗan. Ɗan da aka yaye ma gishiri ya fi masa, don kanwa in ta yi yawa tana sa shi zawo, tana kashe masa sha'awar abinci.

Ina ba shi dusa har ya ƙoshi, ya yi ƙiba, amma yana ɗingishi kuma fuskarsa ta fara kumbura. Mene ne?

Wannan ita ce babbar matsalar ƴan dawaki a bargoginmu, kuma abin takaici ta fi kama waɗanda ake ji da su.

Ƙashi da kalsiyam da fosfaras ake gina shi, amma yawan kowanne kaɗai bai isa ba, sai an duba yadda suka daidaita. Ɗan doki mai tasowa yana son kalsiyam ya ninka fosfaras sau ɗaya da rabi zuwa sau biyu. Ɗan wata shida na buƙatar kimanin giram 31 na kalsiyam da giram 17 na fosfaras a rana, kuma har ya shekara buƙatar ba ta sauka sosai. Dusa da hatsi kuwa a juye suke. Kilo ɗaya na dusar alkama yana da fosfaras kimanin giram 11, kalsiyam ɗinsa da ƙyar ya wuce giram ɗaya. Dusar shinkafa tsantsa, irin wadda ake samu a injinan wajen Dadin Kowa in ba a cakuɗa ta da buntu ba, ta ma fi haka fosfaras. Dawa, gero da masara su ma fosfaras ɗinsu ya ninka kalsiyam sau da yawa.

Idan fosfaras ya rinjaya, jiki ba ya yarda kalsiyam ɗin jini ya faɗi, sai ya koma yana zarar sa daga ƙashi. Ƙashin fuska da na muƙamuƙi ne suke fara nunawa. Sa yatsa tsakanin ido da hanci, saman turamen haƙora: inda ya kamata ka ji ƙashi a kwance, sai ka ji ya yi tudu ta gefe biyu daidai wa daida. Muƙamuƙin ƙasa ya yi kauri. Kafin wannan ma za ka ga ɗingishi mai yawo, yau ƙafar gaba, jibi ta baya, ga takun ɗari-ɗari kamar mai tafiya a kan ƙaya. In abin ya yi nisa haƙora su yi girgiɗi, abinci ya riƙa zubowa daga baki, numfashi ya riƙa ƙara. Gwajin jini kuma yakan nuna kalsiyam lafiya lau, don daga ƙashin ake cike shi, kada wannan ya ruɗe ka.

Ga lissafi a kan ɗan wata shida mai kilo 170. In yana cin harawar gyaɗa kilo biyu da rabi, dusar alkama kilo ɗaya, da dawa rabin kilo, zai samu kalsiyam kusan giram 28 da fosfaras kusan giram 17. Ya yi daidai, saura ƙiris. Harawa ce ta ɗauki nauyin, domin kilo ɗayanta mai ganye yana ba da kalsiyam giram 10 ko fiye. Yanzu a ce rani ya yi nisa, harawa ta yi tsada, an maye gurbinta da busasshiyar ciyawa ko karan dawa, an bar dusar yadda take. Kalsiyam zai faɗo wajen giram 10, fosfaras yana wajen 15. Cikinsa a cike, jikinsa sumul, ƙashinsa yana zagwanyewa.

Gyaran shi ne a rage dusa, a dawo da harawa, a ƙara garin kalsiyam, a daina hawa ko wahalar da shi. Ɗingishin yakan lafa cikin makonni, amma ƙashi sai ya ɗauki watanni kafin ya cika, kumburin fuskar kuma wani lokaci ba ya komawa duka.

Kada kuma a ɗauka dusa abar gudu ce. Ɗan da ke kan harawa zalla yana samun kalsiyam har ya yi yawa, fosfaras ɗinsa bai kai rabin buƙata ba. Haɗa su biyun ne daidai.

Wane gari zan saya na kalsiyam, kuma nawa zan zuba?

Masu sayar da kayan haɗa abincin dabbobi suna da iri uku. Garin farin dutse na abincin dabbobi, wanda kashi 38 cikin ɗari nasa kalsiyam ne, babu fosfaras, shi ne abokin dusa. Garin ɓawon kawa ma haka yake. Sai DCP, mai kalsiyam kimanin kashi 22 da fosfaras kashi 18, wanda ya dace da ɗan da ke kan busasshiyar ciyawa ba dusa sosai, inda duka biyun suka gaza. Wanda ya zuba DCP a kan dusa mai yawa ya ƙara fosfaras ne a inda ya riga ya yi yawa.

In harawa ta yi ƙaranci, kowane kilo na dusar alkama a zuba masa giram 30 zuwa 40 na garin farin dutse. A misalin can na rani, giɓin giram 20 ne na kalsiyam, wato kimanin giram 50 na garin a rana. Auna sau ɗaya a ƙaramin sikeli, juye a gwangwanin tumatir, ja layi da ƙusa a inda ya tsaya, ka ba yaron barga. A yayyafa wa dusar ruwa ta yi damshi kafin a gauraya, in ba haka ba garin zai taru a gindin komi, dokin ya hura shi da hanci ya bar shi. A fara da kaɗan kwana uku ko huɗu har ya saba da ɗanɗanon.

Farin dutsen da ake haƙa a Ashaka asalinsa kalsiyam ne, amma da zarar an gasa shi ya zama siminti ko farar ƙasar fenti, ya zama abin ƙona baki da ciki. Haka takin zamani na sufa: fosfaras ne, amma yana ɗauke da fulorayid da ke lalata haƙori da ƙashi. Ko ɗaya kada ya shiga komi.

Zan iya rataya masa dutsen lasa na shanu?

Farin dutsen gishiri zalla ba laifi. Sai dai harshen doki bai kai na saniya kaushi ba, da wuya ɗan doki ya lashi abin da zai ishe shi daga dutse mai tauri, wani ma sai ya koma gatsa da haƙori. Garin gishiri ya fi. Dutsen shanu mai yuriya da madi, wanda ake yi don kiwon rani, ba na ɗan doki ba ne. Na tumaki kuma da gangan ake cire masa jan ƙarfe, abin da ɗan doki ya fi nema.

Abin da ya fi duk waɗannan haɗari shi ne abincin kaji. Ana sa wa abincin kajin nama, da wasu abincin shanu, maganin kashin jini irin su monensin, salinomisin ko lasalosid. Kaza tana cinye shi lafiya, doki kuwa tsokar zuciyarsa yake ci. Miligiram 2 zuwa 3 na monensin a kan kowane kilo na nauyin jiki yana kashe doki, wato kimanin rabin giram ya isa ya kai ɗan wata shida ƙasa, wanda ya tsira kuma zuciyar ba lalle ta koma daidai ba. Saboda haka ragowar abincin kaji, da firimis na kaji, wato garin sinadaran da ake haɗa abincinsu da shi, da buhun da aka juye su, da shebur ɗin da aka gauraya su, duk a nisanta su da barga.

Jan dutsen lasa da aka rubuta yana da komai, bai isa ba?

Yawancinsu fiye da kashi 90 cikin ɗari gishiri ne, jan launin kuma na ayon ne. Juya kwalin ka nemi haruffan Cu, wato jan ƙarfe, da Zn, wato zink. Ɗan wata shida yana son Cu kimanin miligiram 43 da Zn 170 a rana, ɗan shekara ɗaya Cu 64 da Zn 260. A ce kwalin ya nuna Cu miligiram 300 a kilo, ɗan kuma ya lashi giram 15: miligiram huɗu da rabi ya samu. Don haka in ana son cike wannan, garin sinadarai na dawaki ake nema, wanda aka rubuta na goɗiya da ɗanta ne, mai lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a auna shi a abinci bisa nauyi. A duba zink ya ninka jan ƙarfe sau uku zuwa huɗu. In ya wuce haka da nisa yana hana jiki shan jan ƙarfen. Iri ɗaya ya isa, kada a jera uku a komi ɗaya.

Gwiwarsa da gaɓar saman kofato sun kumbura, ƙafar ta miƙe kamar yana ɗage. Ƙarancin sinadari ne?

Yana iya zama da hannunsa, amma sau da yawa hatsi ne ya yi yawa. A wata shida ɗan doki ya kai fiye da kashi 80 cikin ɗari na tsayinsa, nauyinsa kuwa bai kai rabi ba. In aka tura shi da gero da masara, nama yana riga ƙashi, guringuntsin bakin ƙashi ya kumbura ya yi zafi. A gaɓar saman kofato an fi ganinsa tsakanin wata uku zuwa shida, a gwiwa kuma wajen shekara ɗaya zuwa sama. Ƙarancin jan ƙarfe da juyewar kalsiyam da fosfaras suna ƙara masa ƙarfi, haka ma ɗaurin turke dare da rana. A rage hatsi sosai amma kada a rage sinadarai, a bar shi ya sake a fili mai laushi, a gyara kofato, a kira likitan dabbobi. Kumburi mai zafi da zazzaɓi a ɗan da bai kai wata biyu ba kuwa wani abu ne daban: ƙwayar cuta ce da ta shiga, galibi ta cibiya, kuma ba ta jiran gobe.

Yana cin kashin uwarsa, yana lasar ƙasa.

Cin kashin uwa a makonnin farko ɗabi'a ce, a bar shi. Lasar ƙasa da gwigwiyar itace in sun yi yawa, a duba gishiri, a duba ko ciyawa tana isarsa, a ba shi maganin tsutsar ciki. Kada a zuba masa abinci a kan yashi, yana taruwa a hanji ya kawo ciwon ciki.

Allurar ƙarin jini da ta seleniyam fa?

Doki ba ya cika rasa ayon, ciyawa da ƙasa sun wadatar da shi. Ɗan da dasashinsa ya yi fari, a fara zargin tsutsar ciki, kaska ko sammore. A shekarun 1980 an yi asarar jariran dawaki a Amurka saboda wani magani mai ayon da aka riƙa ɗura musu a kwanakin farko, hantarsu ta lalace.

Seleniyam kuwa tsakanin amfaninsa da gubarsa taku ɗaya ne. Kimanin rabin miligiram a rana ɗan doki yake buƙata. Rashinsa yana sa a haifi ɗa mai raunin tsoka, ya kasa tsayuwa ko kama nono, fitsarinsa ya yi duhu. Yawansa yana zubar da geza da gashin wutsiya, ya tsattsaga kofato. A Afrilun 2009 dawakin folo 21 suka mutu a Fulorida ta Amurka bayan an yi musu allurar da seleniyam ɗinta ya yi yawa bisa kuskure. Wannan allura ta likita ce, bayan ya gwada.

An haifi ɗan da kumburi a maƙogwaro.

Maƙoƙo ne, kuma ƙarancin aidin da yawansa a abincin uwar duk suna kawo shi. Kada a ƙara komai sai an lissafa abin da take ci. Gishirin girki na leda mai aidin, a awon da muka faɗa, ba ya kaiwa ga yin yawa.

Ruwan sha yana da ruwa da tsaki a wannan magana?

Ƙwarai. Doki yana shan kimanin lita 5 a kan kowane kilo 100 na nauyinsa in yana hutawa, a bazara ya ninka. Goɗiya mai shayarwa tana iya shanye jarka biyu masu lita 25 a yini. A wajen Kaltungo akwai rijiyoyin da fulorayid ya yi wa yawa, shaidarsa tana haƙoran mutanen da suka tashi a kansu. Ɗan doki da haƙoransa na dindindin ke ginuwa a cikin dasashi ya fi babba saurin kamuwa, don haka in akwai ruwan sama ko wani ruwan daban, shi za a fifita da shi. Mai babbar barga da ke son sanin ainihin abin da ke cikin abincinsa, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ta kiwon dabbobi ta Shika a Zariya su ne wuraren da likitansa zai tuntuɓa.

Ba ni da sikelin auna doki. Ta yaya zan san nauyinsa?

Da tef ɗin tela. Zagaya ƙirjinsa ta bayan ƙafafun gaba, ka rubuta santimita. Auna tsawonsa daga tsinin kafaɗa zuwa tsinin ɗuwawu. Ninka awon ƙirji da kansa, ninka da tsawon, sannan ka raba da 10,100 in ɗan yaye ne, 10,800 in ya shekara, 11,900 in babba ne. Ƙirji 120 da tsawo 118 a ɗan yaye ya ba da kilo 168. A maimaita kowane wata, a rubuta a bangon barga da gawayi, a gyara layin gwangwani.

In na cika masa duk wannan, zan iya ɗora masa sirdi a shekara ɗaya da rabi don hawan sallah?

A'a. Sinadari yana sa ƙashi ya ginu da kyau, ba ya sa shi nuna da wuri. Bakin ƙashin da ke saman gwiwa ba ya rufewa sai wajen shekara biyu zuwa biyu da rabi, na gadon baya kuwa yana kaiwa shekara biyar ko fiye. Sirdin hawan sallah da kayan adonsa da mahayi nauyi ne na babban doki. Ɗan shekara ɗaya da rabi a saba masa da ragama da ɗaga ƙafa, a ja shi a hannu a gefen babban doki in za a fita kilisa, ya ji kiɗa ya ga taro. Hawa mai sauƙi ya jira ya haura shekara biyu da rabi, sukuwa da kayan sallah kuma sai bayan uku.